Alƙaluman Lafiya a Najeriya: Me Ya Sa Suke Karo da Juna, Kuma Su Wa Ke Tattaro Su?

Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018, wanda ake kira NDHS, ya ce a cikin kowace haihuwa 100,000 da jariri ya zo da rai, mata 512 ne ke rasuwa ta sanadin ciki ko haihuwa a Najeriya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2023 kuwa ya sa adadin a 1,047 na shekarar 2020. Ninki biyu ke nan, a ƙasa ɗaya, a kan matsala ɗaya. Haka abin yake a rigakafin yara: a lokacin da rahoton asibitoci ke nuna an yi wa sama da kashi 90 cikin 100 na jarirai allurar Penta ta uku, mai kare su daga cututtuka biyar, binciken gida-gida na 2016 zuwa 2017 kashi 33 ya tarar.

Mai sauraron rediyo da ya ji lambobin nan biyu yakan ɗauka cewa wani ɓangare ne ya shirga ƙarya. Wani lokacin akwai aringizo, ba a musu. Amma mafi yawan tazarar tana fitowa ne daga yadda aka samo kowace lamba, da kuma hannun da ya rubuta ta tun farko. Hannun nan galibi na wani matashi ne ko matashiya da ba a ambatar sunansu a taron ƙaddamar da rahoto, wato mataimakin bincike.

Wane ne mataimakin bincike?

Idan masana suka ce "tsarin lafiya", ba asibiti da likita kaɗai suke nufi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi gida shida: yadda ake kula da marasa lafiya, ma'aikata, magunguna da kayan aiki, kuɗi, bayanai, da shugabanci. Binciken tsarin lafiya shi ne bin diddigin yadda waɗannan ke haɗuwa ko suke kasa haɗuwa. Ba ya neman sabon magani. Abin da yake tambaya shi ne me ya sa maganin da aka riga aka saya bai isa sha-ka-tafin ƙauye ba. Nazarin manufofi kuma yana duba dokoki da tsare-tsaren gwamnati: wa ya kawo su, wa ya amfana, nawa suka ci, kuma me ya faru da aka zo aiwatarwa.

Mataimakin bincike shi ke riƙe da aikin yau da kullum na wannan fanni. Shi ke fassara tambayoyi zuwa Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, ya shiga gidaje ya yi hira, ya zauna da rajistar asibiti yana ƙirga layi-layi, ya mayar da hirar da aka naɗa zuwa rubutu, ya gyara kurakuran da ke cikin bayanan kafin a lissafa. Wasu suna aiki a sashen lafiyar al'umma na jami'o'i da asibitocin koyarwa, wasu a sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na ma'aikatun lafiya, da yawa kuma kwantiragin makonni ake ɗaukarsu.

Rajistar asibiti da matsalar "cikin nawa?"

Hanya ta farko da ake samun alƙaluma ita ce rajistar cibiyoyin lafiya. Kowace cibiya tana da rajistar awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta marasa lafiya masu zuwa su koma. A ƙarshen wata ana tattara jimillarsu a fom ɗin taƙaitawa, a kai wa jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe, kuma ita Najeriya ta ɗauka a matsayin rumbun bayananta na lafiya.

Amfanin wannan hanya a fili yake: tana ba da labari kowane wata, har zuwa matakin cibiya guda. Rauninta kuma iri biyu ne. Na farko yana cikin ƙirgar kanta. Ma'aikaciya ɗaya ce a wurare da yawa ke awo, ta karɓi haihuwa, ta yi allura, sannan ta cike rajista, don haka sai a bar rubutu sai ƙarshen wata a cike da ka. Rajista na iya ƙarewa a koma littafin makaranta. Yaron da aka yi wa allura a fita ƙauye ana iya sake rubuta shi a rajistar cibiya. Asibitocin kuɗi da yawa ba sa aika rahoto. Inda kuma aka ɗora wa ma'aikaci adadin da dole ya cika, ana tuhumarsa in bai kai ba, to lambar takan kai ko yaran ba su zo ba.

Rauni na biyu ya fi wuyar gani. Duk wani kaso yana buƙatar amsar tambayar "cikin nawa?". Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai. Tun daga nan hasashe ake yi, ana ƙara wani kaso kowace shekara. Daga jimillar ne masu tsara shirye-shirye suka saba ɗaukar kashi 4 a matsayin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 masu juna biyu, kashi 20 yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

A ɗauki misalin mazaɓar da hasashe ya ba ta mutum 20,000. A takarda jariranta 800 ne a shekara. A ce rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyukan kewaye sun tare a cikinta, ta koma 30,000, jariranta na gaskiya sun zama 1,200. Idan cibiyar ta yi wa yara 840 allura, manhaja za ta nuna kashi 105, a yaba mata. A ƙasa kuwa kashi 70 ne, yara 360 ba a taɓa su ba. Babu wanda ya yi ƙarya a nan, kuma allurar da za a aiko wa cibiyar a shekara mai zuwa a kan 800 ɗin za a lissafa ta. Ƙauyen da aka baro kuma zai riƙa nuna gazawa saboda yaran da ake nema a cikinsa ba sa nan.

Binciken gida-gida

Hanya ta biyu ita ce a bar asibiti a je wurin mutane. NDHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, da MICS na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da UNICEF, su ne manya. A 2018 an tsara zaɓar gungu 1,400, wato ƙananan yankunan ƙidaya, a faɗin ƙasa, gida 30 a kowane gungu, kimanin gidaje 42,000 ke nan, aka kuma yi hira da mata sama da 41,000 masu shekara 15 zuwa 49. Kafin masu hira su iso, wata tawaga takan riga su ta zana taswira ta jera gidajen gungun, sannan a zaɓi gidajen ta hanyar ƙuri'a. Mai hira ba shi da ikon musanya gidan da aka zaɓa da na maƙwabci don ya tarar da ƙofa a rufe. Sai ya sake dawowa.

Wannan hanya ba ta dogara da hasashen yawan jama'ar mazaɓa wajen fitar da kaso, kuma tana kama waɗanda ba sa zuwa asibiti. Wannan babban abu ne a ƙasar da binciken 2018 ya nuna kashi 39 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma bai kai kashi 20 ba. Sai dai tana da tsada, sai bayan shekaru ake maimaita ta, sakamakonta a matakin jiha yake tsayawa, kuma inda babu tsaro ba ta shiga: a 2018 an bar wasu ƙananan hukumomin Borno.

A cikin soro da tsakar gida

Ingancin binciken gida-gida a bakin mai tambaya yake, kuma a nan ne sanin harshe da al'ada ya fi takardar digiri amfani.

Tambayar mutuwar mata masu juna biyu ta isa misali. Ana tambayar kowace mace ta lissafo duk waɗanda mahaifiyarta ta haifa, masu rai da waɗanda suka rasu. Idan akwai mace da ta rasu, sai a tambaya ko tana da ciki a lokacin, ko wajen haihuwa ne, ko cikin kwana 42 bayan haihuwa, wato kusan arba'in ɗin mai jego. Idan mai tambaya ta ce "'yan'uwanki mata" ta yi shiru, za a haɗa mata da 'yan uba da 'ya'yan baffa da na gwaggo. Dole ta ce, "Baba, waɗanda kuke ciki ɗaya nake nufi, 'yan ɗakinku." Ko ta faɗa daidai, akwai abin da ba zai fito ba: ƙaramin ciki ɓoye shi ake yi, don haka matar da ta rasu da cikin wata biyu, ƙanwarta da ke aure a wani gari za ta ce zazzaɓi ne. Shi ya sa masana suka yarda cewa wannan hanya takan ba da ƙasa da gaskiya. Kuma 512 ɗin nan matsakaicin shekaru bakwai ne kafin binciken, ba na 2018 kaɗai ba.

Tarihin haihuwa ma haka. Mace mai kunyar ɗan fari tana iya tsallake shi in an ce ta lissafo 'ya'yanta, musamman in surukarta na zaune. Jaririn da ya koma kafin suna, wasu ba sa sa shi a lissafi sam. Ƙwararriyar mai hira takan lura da tazara: in ta ga shekara biyar tsakanin yaro da ƙaninsa a gidan da ake haihuwa duk shekara biyu, sai ta tambaya a hankali ko an samu wanda bai zauna ba. Sannan ta bambance ɓari da wanda aka haifa ba rai da wanda ya yi kuka ko ya motsa kafin ya cika, domin kowanne gurbinsa daban a lissafi.

Shekaru wata matsala ce. Inda babu takardar haihuwa, amsoshi sukan taru a 20, 25, 30. Ga yara ana amfani da kalandar abubuwan da garin ya sani: kafin azumi ko bayan babbar salla, da damina ko da kaka, shekarar ambaliya ko ta naɗin hakimi. A nan akwai wata zamba da masu duba aiki suka daɗe da sani. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar yana da doguwar jerin tambayoyi da awon tsawo da nauyi, don haka gajiyayyen mai hira yakan ƙara wa ɗan shekara huɗu da rabi watanni ya fitar da shi. Idan aka zana jadawalin shekarun haihuwa, sai a ga rami daidai kan iyakar.

A rigakafi, kati ne hujja. In babu kati sai a dogara da tunanin uwa, a tambaye ta ta wurin da aka yi allurar: ta dantse mai barin tabo ita ce BCG, ta cinya da ake yi a sati 6 da 10 da 14 ita ce Penta, ta wata tara ita ce ta ƙyanda. Uwa takan ce an yi wa ɗanta rigakafi "sau ba adadi", alhali ɗigon shan-inna na gida-gida take nufi. Mai hirar da ba ta tsaya ta bambance ba ta ƙara wa jiharta kason da ba ta da shi.

Yanzu da waya ko kwamfutar hannu ake yawan aikin, da manhajoji irin su ODK, KoboToolbox da CSPro. Suna rubuta wurin da aka tsaya da lokacin farawa da gamawa, don haka hirar da ya kamata ta ci minti 45 in ta ƙare a minti tara, mai duba aiki zai gani a daren. Akan kuma koma wani kaso na gidajen a sake 'yan tambayoyi don gwadawa. Duk da haka, inda ake biyan mai hira a kan yawan fom ɗin da ya cike, an buɗe ƙofar abin da ma'aikatan fili ke kira cike fom a gindin bishiya. Biya a kan ranar aiki, tare da kuɗin mota da ya isa, ya fi kowace manhaja toshe wannan ƙofa.

Lambar Majalisar Ɗinkin Duniya

Hanya ta uku ƙiyasi ne na lissafi. Masanan Hukumar Lafiya ta Duniya ba sa shiga gidaje. Suna ɗaukar sakamakon binciken da aka riga aka yi, su gyara shi don cike mace-macen da aka san ana tsallakewa, su haɗa da ƙiyasin yawan mutuwar mata masu shekarun haihuwa, da yawan haihuwa, da ƙarfin tattalin arziki, da yawan haihuwar da ƙwararru ke karɓa. Daga nan 1,047 ta fito. An gina ta ne don a kwatanta ƙasashe da ma'auni ɗaya, kuma tana da faɗin kokwanto mai yawa a sama da ƙasa. Kuskure ne a jera 512 da 1,047 a ce mutuwa ta ninka cikin shekara biyu.

Bin sawun kuɗi

Ɗaya ɓangaren aikin a ofis ake yin sa, da takardu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, da aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta raba shi: rabi ga inshorar lafiya, kashi 45 ga cibiyoyin matakin farko don magani, gyaran gini da ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, shekara huɗu bayan sa hannu.

Mataimakin da aka ba bin sawun irin wannan kuɗi dole ya bambance lambobi huɗu da 'yan siyasa da 'yan jarida kan haɗe: abin da aka sa a kasafi, abin da aka amince a saki, abin da ya shiga asusu, da abin da aka kashe. Haka alƙawarin Abuja na 2001 da shugabannin ƙasashen Afirka suka yi, na ware wa lafiya kashi 15 na kasafi: jiha na iya rubuta 15 a takarda, rahoton aiwatar da kasafi ya nuna ƙasa da haka nesa. A matakin cibiya, aikin shi ne a ɗauki takardar banki, da tsarin kashe kuɗi na wata uku, da rasiɗai, a zauna da shugaban cibiya da shugaban kwamitin raya mazaɓa, a ga ranar da kuɗi suka shigo da ranar da magani ya iso cibiyar. Sannan a yi hira da jami'ai don jin dalilin jinkiri. Hirar awa ɗaya takan ci awa biyar ko shida kafin a rubuta ta, ban da fassara. A ƙarshe duk wannan a matse shi a shafi biyu zuwa huɗu, domin kwamishina ba zai karanta shafi tamanin ba.

Izini da amana

Babu binciken lafiya da ya halatta ba tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ba. Najeriya tana da kwamitin ƙasa, NHREC, da kundin ƙa'idoji tun 2007, jihohi da asibitocin koyarwa kuma suna da nasu. A Arewa wannan ba zancen takarda ba ne. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda shari'arsa ta ja har aka yi sulhu a 2009, yana cikin abin da ya ƙara rura ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Mai hirar da ya yi sallama a ƙofar gida yau yana ɗauke da wannan tarihi ko bai sani ba.

Shi ya sa ake bi ta hakimi, dagaci da mai unguwa, ake tura mata gidajen da ba a shiga. Amma izinin mai unguwa ko na maigida ba ya maye gurbin yardar matar da za a yi wa tambaya. Ita za a karanta wa bayani da harshenta, ta sa hannu ko ta dangwala, kuma tana da damar ƙin amsawa. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ƙara nauyi a kan masu ajiye sunaye da lambobin waya.

Inda masana suka saɓa

Wani ɓangare na ganin a zuba ƙarfi a gyara rajistar asibiti, domin shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba zai jira binciken shekara biyar ba kafin ya san inda ƙyanda ta ɓulla. Suna ƙarawa da cewa manyan binciken sun daɗe suna dogaro da kuɗin waje, kuma dakatar da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ga shirin DHS, wanda NDHS ke ƙarƙashinsa, a farkon 2025 ya nuna haɗarin hakan.

Ɗaya ɓangaren na cewa wanda ake auna aikinsa bai kamata ya zama shi ke riƙe da ma'auni ba. Hujjarsu ita ce 2017: binciken gida-gida ne ya fallasa kashi 33 na allurar Penta ta uku, da jihohi irin Sakkwato da ba su kai kashi 10 ba, har hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ayyana halin gaggawa ta kafa cibiyar NERICC mai daidaita aikin rigakafin yara. Binciken MICS na 2021 ya nuna kason ya hau zuwa 57. Shirin ceton rayuka miliyan ɗaya, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 500 a 2015, shi ma da sakamakon bincike mai zaman kansa ya riƙa auna jihohi kafin ya biya su.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma a aikace hanyoyin biyu suna gyara juna. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne cewa dukkansu a kan ƙananan ma'aikata suke tsaye, waɗanda horonsu kan zama na kwanaki, kwantiraginsu na makonni, kuma ba kasafai sunansu ke shiga jerin marubutan rahoto ba. Duk lokacin da aiki ya ƙare suka watse, ƙwarewar ta tafi da su, sabon bincike ya fara horo daga tushe.

Abin da ya shafi talaka

Da waɗannan lambobi ake lissafa yawan allurar rigakafi, gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro na damina da abincin yara masu tamowa da za a kai kowace ƙaramar hukuma. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma kafa asusun masu rauni, kuma cibiya ana biyanta ne gwargwadon mutanen da aka yi wa rajista a ƙarƙashinta. Wanda bai shiga lissafi ba zai ci gaba da biya daga aljihunsa, a ƙasar da kimanin kashi 70 ko fiye na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun iyalai yake fitowa.

Idan masu bincike suka zo gida, maigida yana da damar ya nemi katin shaidarsu, ya tambayi hukumar da ta turo su da lambar da za a kira. Ba a biyan ko kwabo don a amsa tambaya, kuma amsawa ba rajistar tallafi ba ce. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin inda aka zaci rabo za a yi, sai a ƙara yawan yara a rage dukiya, inda kuma aka zaci haraji ne sai a ɓoye mutane. Katin rigakafi da na awo, in an adana su a leda nesa da ruwa da gara, suna rage dogaro da tunani. Rajistar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya tana warware rigimar shekaru. Mai karanta labari kuma, in ya ga kaso, ya duba daga rajistar asibiti ne, ko binciken gida-gida, ko ƙiyasi, da shekarar da yake magana a kai. Kason rigakafin da ya haura 100 alama ce ta cewa adadin yaran da aka raba da shi ba daidai ba ne, kuma za a ci gaba da ganin irinsa muddin ana lissafi da hasashen ƙidayar 2006, tunda wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta.